Tarihin Rayuwata, Kashi na 7: Takardar Canjin Kwas

Makon jiya na tsaya a ranar da sunana ya fito cikin waɗanda jami'a ta ɗauka. Masu tambaya ko na yi murna, to murnar rabi ce. Injiniyan lantarki na cike a fom ɗin JAMB a 2011, na rubuta Turanci da lissafi da Fiziks da Kimistiri kamar yadda ake buƙata, amma da aka manna jerin sunaye sai na tsinci nawa a sashen Fiziks. Makina ya isa shiga jami'a, bai kai inda tsangayar injiniya ta yanke ba. Gurbinsu kaɗan ne, don hukumar kula da jami'o'i ta NUC da majalisar kula da aikin injiniya ta COREN suna sa ido kan yawan ɗaliban da malamai da kayan aiki za su iya ɗauka. Ragowarmu sai a rarraba mu a sassan kimiyya.

Tun rasuwar mahaifinmu Baffa ke biyan kuɗin makarantata, kun sani. Na durƙusa a zaure na ce, "Baffa, an ce in mutum ya yi ƙoƙari a aji ɗaya ana iya mayar da shi injiniya." Bai ɗago daga rediyonsa ba. Ya ce, "Kai yaro, kwaɗayi mabuɗin wahala. An ba ka, ka riƙe."

Lissafinsa a fili yake. Fiziks shekara huɗu ce, injiniya biyar, kuma ta biyar ɗin daga aljihunsa za ta fito. So yake in gama, in kama koyarwa, in ɗauke masa nauyin ƙannena. Wannan ban ƙi ba. Abin da ya tsaya mini a rai har gobe shi ne, ɗansa na cikinsa ya yi ta maimaita JAMB yana neman likitanci, ba wanda ya taɓa jin an ce masa kwaɗayi. Nasa naci ne, nawa kwaɗayi.

Aji ɗaya kusan darasi guda muke yi da 'yan injiniya, a babban ɗaki ɗaya, wanda bai yi sammako ba a tsaye zai saurara ta taga. Ba abin da zan ce kan shekarar nan sai karatu da garin kwaki. Sharaɗin canji shi ne kada ka faɗi ko da kwas ɗaya, sakamakonka ya yi sama sosai a ma'aunin makin jami'a mai ƙurewa a 5.0, sannan a samu gurbi. Na cika biyun farko, na uku kuwa sai addu'ar Inna.

Fom ɗin takarda ɗaya ce tal, amma da wurin sa hannu jere: shugaban sashen da za ka bari, shugaban sashen da za ka koma, shugabannin tsangayoyin biyu, daga nan sai majalisar jami'a ta amince. A cikin leda nake yawo da ita don kada gumi ya jiƙa ta. Na ɗauka karɓata ce za ta yi wuya, ashe sakina ne. Shugaban sashenmu ya dubi sakamakona, ya zare tabarau, ya ce, "Duk mai ƙoƙari ya gudu, mu wa za mu yaye?" Na ce, "Ranka ya daɗe, a taimaka." Ya tura takardar ƙarƙashin wani fayil ya ce in dawo. Yau da nake da yara a ƙarƙashina a wurin aiki na san zafin rabuwa da mai hannu, amma a lokacin ko gaishe shi ba na son yi.

Ya sa hannu daga baya, sai ga yajin aikin malaman jami'o'i na 2013, daga Yuli har Disamba. Takardata ta kwana a ofis, ni na kwana a gida, ina bin wani mai gyaran janareta a bakin kasuwa ina wanke masa kabureta. Duk sanda Baffa ya gan ni da baƙin mai a hannu sai ya girgiza kai: "Ban faɗa ba? Kwaɗayi mabuɗin wahala." Wannan Baffan ne fa, ranar ɗaurin aurena, ya kama hannuna yana zagayawa da ni cikin abokansa yana cewa, "Ga ɗanmu injiniya." Goggo tana nan da rai, ita ce shaida. Na yi murmushi kawai, Allah ya ba shi lafiya, kuɗinsa dai ya biya.

Da aka koma makaranta sunana ya fito cikin waɗanda aka amince wa. Ranar farko a ajin zanen injiniya na shiga da biro da littafi, kowa kuma na rungume da allon zane da doguwar rula mai kan gatari da fensir 2H. Inna ce ta ɗauki adashenta kafin lokacinsa ta saya mini, ta ce kada Baffanka ya ji. Takardar zanena ta farko sai da ta huje saboda goge-goge. Malamin ya ɗaga ta sama gaban aji ya ce, "Wannan daga Fiziks ya zo ko?" Aka kwashe da dariya. Sunan ya bi ni har muka gama, har yanzu akwai abokan da a wayarsu Ɗan Fiziks nake.

Akwai kuma wani ƙulli da ba wanda ya gaya mini: takardar JAMB ɗina tana nan da Fiziks a jiki, dole sai an gyara ta ta dace da kwas ɗin da na gama kafin a tura sunana bautar ƙasa. Wannan sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu, tare da labarin yadda Baffa ya gano maganar adashen.