Godiya ga waɗanda suka tsaya mana har Maigida ya sauka lafiya

Alhamdu lillahi. Ranar Juma'ar da ta wuce aka yi wa Maigida faretin ban kwana, ya ajiye kakin sojan sama bayan shekara 35 yana aiki, da muƙamin da ya yi daidai da Birgediya Janar a sojan ƙasa. Ni da yara muna godiya ga duk wanda ya zo, da wanda ya bugo waya, da wanda ya yi mana addu'a daga nesa. 'Yan uwa da suka taso tun daga Zariya da Funtuwa, Allah ya bar zumunci.

Shugabanninsa da abokan karatunsa, waɗanda suka shiga makarantar horar da hafsoshin soja ta NDA tare a 1989, an yi musu godiya a wurin taro, kuma sun cancanta. Haka malaman da suka koya masa tuƙin jirgin sama a Kaduna, sannan a Kano kan jirgin L-39, kafin a tura shi sansanin sojan sama na Kainji ya hau jirgin yaƙi na Alpha Jet.

Amma akwai mutanen da ban ji an ambata ba, su ne dalilin wannan rubutu: masu gyaran jirgi. Matuƙi ba ya tashi sai wani sajan ya zagaya jirgin, ya leƙa injin, ya duba taya da birki da kujerar da ke cilla matuƙi waje idan abu ya ɓaci, sannan ya sa hannu a takarda. A Kainji ina ganinsu suna dawowa bariki bayan isha'i, rigar aiki duk baƙin mai, gobe kafin kiran assalatu sun koma. Wata rana ɗaya daga cikinsu ya hana Oga tashi saboda wani ɗan ɗigon mai da ya gani a ƙasan fiffike. Oga ya dawo gida yana faɗa, ni kuwa na dafa tuwo na aika wa matar mutumin. Ba a sa hotonsu a jarida, amma Allah ya san aikinsu, kuma a gidanmu ba za a manta da su ba.

Sai matan bariki. A 2013, da aka kai jiragenmu Yamai saboda rikicin Mali, a watan Mayu labari ya zo cewa Alpha Jet ɗaya ya faɗi a Nijar, matuƙa biyu sun rasu. Kafin a faɗi sunaye, maƙwabtana sun cika falona, Musulmi da Kirista, babu mai cewa komai, wata ta ɗauke min yara ta kai gidanta. Ba Maigida ba ne, amma daga baya tare muka tafi ta'aziyya. A ƙarshen shekarar kuma aka kai hari sansanin sojan sama na Maiduguri yana can, su ɗin dai suka kwana da ni.

Iyalan abokan aikinsa da ba su dawo ba, muna tare da ku. Allah ya jiƙansu, ya raya abin da suka bari. Matasan da ke tuƙa jiragen yaƙi na Super Tucano yanzu, da dama ɗalibansa ne, Allah ya tsare ku.

In Allah ya yarda ƙarshen wata za mu koma gida Zariya, kuma za a yi saukar Alƙur'ani da walima. Za mu sanar da ranar a nan.