Ranar da muka koma asibiti da Auta

Talata, bayan isha'i.

Ƙarfe 7 na so mu bar gida, amma sai da muka ci minti 20 muna neman takalmin Auta ƙafa ɗaya. A bayan randa aka same shi. Hajiya na zaune a tabarma tana kallonmu, ta ce, "Yanzu ke yaro lafiyayye za ki kai wa likitan ƙwaƙwalwa, sai ka ce ɗan Dawanau? Ƙiriniya ce kawai, ubansa ma haka ya yi." Na ce, "Hajiya, a dai sa mana albarka." Muka tari adaidaita daga Gyaɗi-Gyaɗi.

Zuwanmu na biyu ke nan. Wancan karon an duba idonsa da kunnensa, an tambayi barcinsa, aka ba ni takardun tambayoyi na kai wa antinsu ta boko da malaminsu na Islamiyya. Yau likitar ta jera su a tebur tana karantawa, shi kuwa gogan ya hau sikeli ya sauka ya fi sau goma, har ya kai hannu zai ɗauki abin awon da ke wuyanta. Kunya ta kama ni. Ta ce, "Ƙyale shi, Maman Auta, ai shi nake kallo."

Ta ce sunan abin ADHD, wato ƙarancin natsuwa da yawan rawar kai. Ba kowane mai ƙiriniya ne ke da shi ba. Sai alamun sun bayyana kafin shekara 12, sun ɗauki aƙalla wata 6, kuma ana ganinsu a wuri fiye da ɗaya, gida da makaranta, har suna hana yaro karatu ko zama da 'yan'uwansa. Cikin yara 100 ana samun kamar 5. Yana bin jini sosai. Nan maganar Hajiya ta faɗo mini, na kusa yin dariya. Alawar da nake ta hana shi ma ashe ba ita ce sila ba.

Na je da tunanin ƙwaya za a rubuta mana mu tafi. Ashe rabin maganin ni za a ba. Umarni ɗaya a lokaci ɗaya, in kalle shi ido cikin ido. In ya yi daidai in yaba masa nan take, ba sai gobe ba. Lokacin barci da na jinga su tsaya ba sauyi. A aji a zaunar da shi gaba, nesa da taga, a riƙa yanka masa aiki gutsi-gutsi. Da ta zo kan bulala sai na sunkuyar da kai. Shekara biyu muna dukan yaron nan, gida da makaranta, ba abin da ya ƙaru sai ƙarya da ɓuya.

Ƙwayar ma akwai. Methylphenidate, wadda aka fi sani da Ritalin, tana fara aiki cikin sa'a guda, amma tana iya rage cin abinci ta hana barci, don haka ana bin nauyin yaro da tsawonsa da bugun jininsa. Ba a sayenta a kemis ɗin unguwa, sai da takardar likita. Akwai kuma atomoxetine, ita sai an yi makonni ake ganin amfaninta. Yaron da bai kai shekara 6 ba, da horar da iyaye ake farawa. Auta shekararsa 8, saboda haka zaɓi yana hannunmu. Na tambayi rubutun da Hajiya ke karɓo masa. Ta ce addu'a ba ta hana magani, kada dai a ba shi wani jiƙo ba ta sani ba.

Abbansu ya dawo daga Kwari, na zayyana masa komai. Ya daɗe shiru, sannan ya ce shi ma a firamare kullum a bakin ƙofa yake durƙushe. Mun tsaya a kan mu gwada tsarin gida da na aji tukuna, mu koma bayan mako 6.

Da magariba na gwada. Na durƙusa daidai tsawonsa na ce, "Auta, kai takalminka bakin ƙofa." Shi ke nan, ban ƙara komai ba. Ya kai ƙafa biyun, ya tsaya yana jiran sauran faɗan. Na ce, "Yawwa, Allah ya yi albarka." Jakar makarantarsa ce har yanzu ba mu gani ba.