Daga Bordeaux zuwa Eymet: yadda Turawan Ingila ke neman abinci a ƙauyukan Faransa

A ƙarshen watan Oktoba na tashi daga Bordeaux, inda nake karatun aikin gona, na nufi yankin Dordogne domin amsa gayyatar wani abokin karatuna wanda iyayensa Turawan Ingila ne da suka daɗe a wani ƙauye kusa da garin Eymet. Jirgin ƙasan da ke tashi daga tashar Saint-Jean yana bin kwarin kogin Dordogne ya yi gabas, ya ratsa Libourne da Saint-Émilion, inda gonakin inabi suka shimfiɗu iyakar ganin ido, ganyensu ya rine ya koma ja da rawaya domin an riga an gama tsinka. Mun ɗan tsaya a Castillon-la-Bataille, wurin da sojojin Faransa suka karya rundunar Ingila a 1453, aka kawo ƙarshen ikon sarakunan Ingila a wannan yanki bayan kusan shekara 300. Alaƙar mutanen Ingila da wannan ƙasa tsohuwa ce, har ma wasu garuruwan yankin, irin su Monpazier da aka kafa a 1284, da umarnin sarkin Ingila aka gina su.

A tashar Bergerac mahaifin abokina ya tarbe mu da wata tsohuwar motar ɗaukar kaya, wadda bayanta ke cike da injin yankan ciyawa da tsani da zarto da jarkokin fetur. Dattijo ne da ya haura shekara 60, hannayensa duk kanta, kuma tun kafin mu yi nisa ya ba mu haƙuri cewa zai ratse ya duba wani gida da masu shi suka koma Ingila. Tsakanin Bergerac da Eymet tafiyar kimanin kilomita 25 ce ta kudu, cikin tuddai da gonakin masara da ƙananan dazuzzuka.

Eymet ƙaramin gari ne wanda mutanensa ba su kai 3,000 ba. An kafa shi a 1270 a bakin kogin Dropt, da dandali mai kusurwa huɗu a tsakiya wanda rumfunan dutse suka kewaye, kuma a nan kasuwa ke ci kowace Alhamis. Na zaga kasuwar da safe, na ji Ingilishi yana tashi daga kowane ɓangare kusan daidai da Faransanci. Akwai shagunan da ke sayar da ganyen shayi da kayan ƙwalama na Ingila, akwai dillalan gidaje da suka liƙa tallansu cikin harsuna biyu, garin ma har ƙungiyar wasan kurket gare shi. Hukumar ƙididdiga ta Faransa ta ce a 2016 'yan Birtaniya kusan 148,000 ne ke zaune a ƙasar, kuma kaso mai yawa daga cikinsu suna nan kudu maso yamma ne, a ƙauyukan da 'ya'yan manoma suka bari suka tafi birni tun lokacin da injina suka rage buƙatar hannaye a gona. Gidajen da aka bari suka yi arha, gidaje a Ingila kuwa suka yi tsada, sannan a farkon shekarun 2000 jiragen sama masu rahusa suka fara sauka a Bergerac. Mutum sai ya sayar da ɗan gidansa a gefen Landan, ya sayi gidan gona na dutse da rumbu da fili, har ya rage canji.

Gidan da na sauka irin waɗannan ne. Bangonsa mai kauri ne, ana ɗumama shi da murhun itace, maƙwabci mafi kusa kuwa sai an yi tafiyar mintuna a ƙafa kafin a kai gare shi. Mahaifiyar abokina ta kula da abincina ƙwarai, ta dafa mini kifi da kayan lambu ba tare da na roƙa ba, ta kuma nuna mini ɗakin da zan riƙa yin salla. Ta ce masu zuwa hutu a watan Yuli da Agusta ba su san wannan ƙauye ba, domin wanda bai ga Janairu a nan ba, lokacin da shaguna ke rufewa da wuri, hazo ya rufe kwari, a yini ba a ga kowa ba, bai san abin da ya saya ba. Ganin likita ma wahala ne, saboda likitocin karkara suna ritaya kuma ba a samun masu maye gurbinsu.

Da safe dattijon ya kira ni in ga abin da aka yi masa cikin dare. Ciyawar da ya daɗe yana gyarawa a bayan gida an tone ta kamar an bi ta da garma, aikin aladen daji ne da suka fito daga kurmi suna neman tsutsa da saiwa. Waɗannan dabbobi sun yi yawa a Faransa fiye da yadda baƙo zai zata: a farkon shekarun 1970 waɗanda mafarauta ke kashewa a shekara ba su kai 50,000 ba, amma a 'yan shekarun nan adadin yakan haura 800,000, kuma duk da haka ƙaruwa suke yi. Sanyin hunturu ya ragu, gonakin masara sun faɗaɗa, mafarauta kuma sun ragu sun tsufa. Dokar ƙasar ta ɗora wa ƙungiyoyin mafarauta na kowace jiha biyan manoma diyyar ɓarnar da aladen suka yi, shi ya sa farauta a nan ba wasa kaɗai ba ce.

Ranar Lahadi na ga farautar da idona. Maza sanye da riguna masu launin lemo sun jeru a bakin kurmi da bindigogi, karnuka suna haushi a ciki, an kafa alluna a kan hanya ana gargaɗin masu wucewa. A nan ne na ga inda baƙi da 'yan gari suka fi saɓawa. Yawancin Turawan Ingilan da na zanta da su ba sa son wannan al'ada, suna tsare karnukansu da jikokinsu a gida duk ƙarshen mako, kuma tsoronsu yana da tushe, domin a watan Disamba na 2020, a jihar Lot da ke maƙwabtaka da nan, wani mafarauci ya harbe wani saurayi mai shekara 25, ɗan asalin Birtaniya da Faransa, yana saran itace kusa da gidansu, a zatonsa alade ne. Amma manomin da ke maƙwabtaka da masu masaukina ya kai ni gonarsa ya nuna mini kadadar masarar da aka kwantar a dare ɗaya, kuma ni da na san abin da asarar amfanin gona ke nufi ga mai iyali ba zan iya cewa a daina farautar ba. Abin da ya kamata shi ne a tsananta horo da dokokin harbi kusa da gidaje.

Ba aladen ne kaɗai ke damun mutane ba. Manomin yana da amya, kuma ya nuna mini wani irin zirnaƙo baƙi da ke shawagi a bakinsu yana cafke ƙudan zuma, wanda aka fara gani a Faransa a 2004 a jihar Lot-et-Garonne, iyaka da Eymet, ana kuma kyautata zaton cikin tukwanen da aka shigo da su daga Sin ya zo. Abin da ya faranta mini rai shi ne gauraka masu launin toka, marasa tukku, waɗanda ke ratsa samaniyar yankin a jere a wannan lokaci suna kuka, a kan hanyarsu daga arewacin Turai zuwa Sifen. Duk wanda ke waje, baƙo da ɗan gari, sai ya tsaya ya ɗaga kai.

Abin da ya fi tsaya mini a rai a tafiyar nan shi ne yadda mutanen ke samun na sawa a baka. Daga nesa ana ɗaukar duk Baturen Ingila da ke Dordogne a matsayin attajiri mai cin fansho, kuma akwai irinsu, amma da yawa buga-buga suke yi. Mahaifin abokina yana yankan ciyawa, yana sare rassa, yana tsabtace wuraren ninkaya, yana riƙe da makullan gidajen da masu su ba sa nan. Matarsa tana wanki da shara a gidajen haya na 'yan hutu kowace Asabar ta bazara, ranar da wasu baƙi ke fita wasu ke shiga. Wasu suna fenti, wasu gyaran rufi, wasu ɗaukar mutane zuwa filin jirgi, wasu tsare karnukan matafiya. Abin da ya jefa da yawa cikin wannan hali shi ne faɗuwar fam, wanda a 2007 yake kusan yuro ɗaya da rabi, amma a ƙarshen 2008 ya kusa yin daidai da yuro, ga kuma gyaran tsohon gida da ke cinye ajiya.

Dattijon ya yi rajista a ƙarƙashin tsarin ƙananan masu sana'a da Faransa ta fara aiki da shi a Janairun 2009, yana da lambar sana'a, yana ba da rasit, yana biyan URSSAF, hukumar da ke karɓar kuɗin fansho da jinya na ma'aikata, kaso daga abin da ya samu. Ya ce mini da yawa daga cikin 'yan uwansa ba su yi haka ba. Wasu Faransancinsu bai kai su cike takardu ba, wasu suna ganin aikin bai taka kara ya karya ba, kuma tun da Ingilishi ne ke haɗa mai aiki da mai ba da aiki, ta shafukan Facebook ko ta bakin wani, jinga ake yi a biya a hannu, babu wanda ya ji. Akwai kuma taimakon juna da ba kuɗi a ciki, mai kama da aikin gayya, inda wani zai faskara wa tsohuwa itace ta ba shi ƙwai da kayan lambu, ko manomi ya ja maka mota da tarakta kai kuma ka koya wa 'yarsa Ingilishi. Wannan babu mai ƙyamarsa, kuma da shi ƙauyen ke tafiya.

Aikin ɓoye kuwa doka ta ɗauke shi da zafi, hukuncinsa yana iya kaiwa ɗaurin shekara 3 da tarar yuro 45,000, kuma wanda ya ba da aikin yana sane shi ma bai tsira ba. Magina da kafintocin Faransa suna jin haushinsa, kuma suna da gaskiya, domin su suna biyan haraji da inshorar da ke lamunce aikin gini har shekara 10, sai wani ya zo ya karya farashi. Amma wanda ya fi cutuwa shi ne mai aikin kansa. An kai ni gaida wani magidanci da ya faɗo daga kan rufi yana gyara, ya karye a ƙugu. Da yake aikin ba a rubuce yake ba, babu diyyar haɗari, babu kuɗin jinya na kwanakin da ya yi a kwance, shekarun da ya yi yana wahala kuma ba su ƙara masa komai a fansho ba. Maƙwabtansa, Faransawa da Ingilawa, su ne ke kawo masa itace da abinci. Na fito daga gidan nan zuciyata a dagule, domin akwai hanya mai sauƙi ta biyan ma'aikacin gida ko na lambu a hukumance, wadda ake kira CESU, har ma gwamnati tana mayar wa mai biya rabin kuɗinsa ta hanyar haraji, amma da yawa ba sa bin ta, ko da yake ba ta shafi aikin rufi ba.

Ficewar Birtaniya daga Tarayyar Turai ta ƙara matse lamarin. Tun daga Janairun 2021 ɗan Birtaniyan da ba shi da takardar zama ko biza ba zai wuce kwana 90 cikin kowane 180 ba, saboda haka gidaje da yawa suna zama a rufe, masu tsaron su kuma aiki ya ƙaru musu. Waɗanda suka riga suka zauna an ba su katin zama, amma wanda bai cika shekara 5 ba sai da ya nuna abin da yake rayuwa da shi, abin da ya tilasta wa wasu fitowa fili su yi rajista. Sun kuma rasa ikon jefa ƙuri'a a zaɓen ƙananan hukumomi, har waɗanda suka taɓa zama kansiloli a ƙauyukansu, sabon zuwa kuwa ba ya iya kama sana'a sai da biza.

A kan hanyar komawa Bergerac na tambayi dattijon ko yana tunanin komawa Ingila idan ƙarfinsa ya ƙare. Ya ce kuɗin gidansa na nan ba zai saya masa ko ɗaki biyu a garin da ya baro ba, 'ya'yansa kuma a makarantun Faransa suka tashi, don haka shi da matarsa sun shigar da takardun neman zama 'yan ƙasa. Ya sauke ni a tasha da wuri, domin akwai gidaje uku da zai rufe wa famfo kafin sanyi ya fasa bututunsu.