Auta a ƙarƙashin Bahar Maliya

Da safen nan ina ƙudundune cikin bargo saboda hunturun Kano, sai ga bidiyo daga ƙanina da ke karatu a Masar. Ya yi nutso a Dahab, cikin Bahar Maliya, zurfin mita 18, tukunyar iska a bayansa, jikinsa cikin rigar roba mai kauri don ruwan Janairu da sanyi. Na miƙa wa Umma wayar. Sai da ya haɗa babban yatsa da manuni, alamar masu nutso ta "lafiya lau", sannan ta sauke numfashi ta ce, "Allah Ya fito min da kai, Auta."

Yaron da ko bakin kududdufi ba ta bari ya je ba fa. Tun ɗazu nake tunanin ƙarfin zuciyar da ta yi har ta kalli bidiyon nan zuwa ƙarshe.