Asabar a zauren ƙauye: sojojin da suka yi wasa don a tara kuɗin jirgi

Yau ba ni da aiki a asibiti. Na so in rama barcin mako, amma tun ƙarfe takwas tsohuwar maƙwabciyata ta ƙwanƙwasa ƙofa da sandarta. Masu kula da tarihin ƙauyensu ne ke baje kolin tsofaffin kayan zamanin Yaƙin Duniya na Biyu, jikarta da ta yi alkawarin kai ta kuma tafiya ta kama ta. Matar nan ta doshi casa'in. Ita ke karɓar mana saƙo in ba ma gida, ita ta koya wa autata saƙa. Da wane baki zan ce a'a? Na bar wa maigidan yara, na sa ta a mota, muka fita daga Bedford, garin da muke zaune a Ingila, muka nufi arewa.

Hanyar duk gonaki ce shimfiɗe, amma ita ba gonaki take gani ba. Nan ta nuna mini wajen Thurleigh, inda sojojin saman Amurka suka sauka a 1942 da manyan jiragensu masu jefa bom, B-17, kowane jirgi mutum goma. Can gaba Podington. Daga wancan gefe Twinwood. Ta ce in jiragen suka tashi da sassafe har kofuna rawa suke a kan tebur, yara kuma su tsaya bakin hanya suna ƙirga su, da la'asar su sake ƙirgawa in suna dawowa. Ba kullum lissafin ke cika ba.

Zauren taron ƙauyen ɗan ƙarami ne, da dandamalin katako da wata tsohuwar fiyano a lungu. An jera tebura da katunan rabon abinci, da takunkumin kare iskar guba, da hulunan kwano, da hotuna. Waɗannan duk na sha ganin irinsu, ban daɗe a kansu ba. Abin da tsohuwa ta ja ni wajensa allon yabo ne da Ma'aikatar Sojan Sama ta ba ƙauyen a 1943, da kuma wata 'yar takarda da ta yi ja don tsufa, wadda aka rubuta tsarin wasan da sojoji suka yi a wannan zauren.

Ga yadda abin yake. Lokacin yaƙin, gwamnatin Ingila kan ware wa kowane gari mako guda na tara kuɗi, a ƙarƙashin kwamitin tanadi na ƙasa da Lord Kindersley ke shugabanta. An fara da makon makamai a 1940 zuwa 1941. Sai makon jiragen ruwan yaƙi a 1941 zuwa 1942, gari ya cika adadinsa a ba shi jirgin ruwa ya zama kamar ɗansa, ana aika wa ma'aikatansa wasiƙu da safa. A 1943 aka yi Wings for Victory don jiragen sama, a 1944 kuma aka yi na jinjina wa sojan ƙasa. Kowane gari zai yanka wa kansa adadin da zai tara, a kafa dogon allo a tsakiyar gari ana matsar da alama kullum, ana leƙen na maƙwabta kada su wuce. A Landan har jirgin jefa bom ƙirar Lancaster sukutum aka girke a dandalin Trafalgar, aka ajiye bama-bamai mutane na sayen kan sarkin tanadi suna liƙa musu, wai saƙo ne zuwa ga Hitila.

To ƙauye ba shi da dandalin Trafalgar, ba shi da Lancaster. Abin da yake da shi bariki ne a bayan gari, cike da samari masu kewar gida. Su aka roƙa su zo su cika daren.

Ta ce tana 'yar shekara takwas a lokacin. An rufe tagogi da baƙaƙen labule kada haske ya fita, zaure ya cika har wasu na tsaye jikin bango, hayaƙin taba ya turnuƙe. Ba da kuɗi tsura ake shiga ba, kan sarkin tanadi za ka saya a bakin ƙofa, na sisi ko na sule biyu da sisi, ka shiga da abinka a aljihu. Waɗanda suka hau dandamali kuwa ba mawaƙa ba ne. Mai kaɗa fiyano makaniken jirgi ne, baƙin mai bai gama fita daga farcensa ba. Wani kuku ya busa ƙaho. Wani ƙaton sajan ya sa rigar mata, ya ɗora tsumman goge ƙasa a ka a matsayin gashi, ya fito yana rangwaɗa, uwarta ta yi dariya har da hawaye. Sai wani kofur ya shiga kwaikwayon tafiyar hafsansu da yadda yake ba da oda, alhali hafsan na zaune a layin gaba kusa da limamin coci, ba yadda zai yi sai tafi. Da take ba ni labarin har tashi ta yi ta gwada mini tafiyar, sanda a hammata. Sai da na riƙe ta.

Tsakiyar wasa aka yi gwanjo. Wannan ne ya fi ba ni sha'awa, don a nan ake gane irin ƙuncin da ake ciki. Tun ƙarshen 1940 aka daina shigo da ayaba Ingila, ba ta dawo ba sai ƙarshen 1945. Alewa ma da kati ake sayenta tun 1942. Saboda haka ɗan lemon tsami guda, ko gwangwanin 'ya'yan itace da wani Ba'amurke ya fito da shi daga kicin ɗin bariki, ya isa ya sa manoma su yi ta ɗaga hannu suna tayawa, wanda ya saye ya mayar a sake sa shi a kasuwa. Sojan da ke kiran gwanjon shi ne ɗan kaman da ya gama ba su dariya, ya san wanda zai zolaya har kunya ta sa shi ƙara tayi.

Na tambaye ta ko ta ga Glenn Miller, shahararren makaɗin Amurka, tunda duk wanda ya zauna a Bedford ya san gunkin kansa da ke jikin zauren taro na Corn Exchange, inda ƙungiyar kiɗansa ta sojan saman Amurka ta yi wasa a Yulin 1944, kuma daga Twinwood jirginsa ya tashi ranar 15 ga Disamba na shekarar ba a sake ganinsa ba. Ta yatsine fuska. Ta ce wannan na mutanen birni ne da gidan rediyo. Akwai ƙwararru da yawa da aka sa wa kaki, irin su ƙungiyar kiɗa ta Squadronaires ta sojan saman Ingila, amma su nasu 'yan wasan su ne waɗanda suke haɗuwa da su a kanti, waɗanda ke ba su cingam, waɗanda ke zuwa cin abincin Lahadi gidajensu.

Ina cikin duba allon sai wani dattijo, tsohon malamin makaranta da ke kula da teburin, ya faɗa mini abin da ya sauya mini kallon al'amarin. Ya ce kuɗin nan fa ba kyauta ba ne, rance ne. Ka sayi takardar tanadi ta sule goma sha biyar, bayan shekara goma a ba ka fam guda da sisi. Kuma ba wani jirgi da ya tsaya jiran kuɗin ƙauyensu kafin a ƙera shi. Abin da ke taƙaita yawan jirage ƙarfe ne da ma'aikata da masana'anta. Damuwar gwamnati daban ce: kowa ya samu aiki, albashi ya ƙaru, kaya kuma babu a kanti. In aka bar kuɗin a hannun mutane sai su bi ɗan abin da ya rage da tsada, farashi ya tashi. Dole a san yadda za a janye kuɗin daga aljihu a ajiye su sai bayan yaƙi. Ya ƙara da cewa manyan adadin da ake shela, kaso mai tsoka daga bankuna da kamfanonin inshora yake fitowa, waɗanda da ma za su ba gwamnati rancen ko da mako ko babu.

Na ɗan yi shiru ina tunanin ko yaudara ce. A ganina ba ita ba ce, don kowa ya san takardar rance ya saya, kuma an biya shi. Dabara ce dai, kuma mai kyau. Ba za ka tara manoma a zaure ka yi musu lacca kan hauhawar farashi su buɗe asusu ba. Amma ka nuna musu yaron da gobe da asuba zai hau jirgi, yau ga shi sanye da tsumma a ka yana ba 'ya'yansu dariya, sai hannu ya tafi aljihu da kansa. Abin da ya tsaya mini a rai shi ne su samarin. A 1943 Ba'amurke mai jirgin bom sai ya yi fita 25 kafin a sallame shi, da yawa ba su kai ba. Rundunarsu ta takwas ta sojan sama ta rasa mutum kusan 26,000. Rundunar jiragen bom ta Ingila ta rasa 55,573 daga cikin kimanin 125,000. Mutanen da ke cikin wannan lissafi ne suka ɓata dararensu suna maimaita waƙa da barkwanci a bayan rumfar jirage. Ina jin su ma suna buƙatar daren kamar yadda ƙauyen ke buƙatarsa, su tsaya gaban tsofaffi da yara a kalle su ba don bindiga ba.

Da dattijon ya ji daga inda na fito, sai ya ce ai sojan saman Ingila na da runduna mai lamba 91 da aka laƙaba wa sunan Nijeriya, saboda kuɗin da aka tara daga can aka sayi jiragen Spitfire. Wannan asusu daban ne da makwannin tanadi, shi kyauta ce, ba a mayarwa. An yanka fam 5,000 a matsayin kuɗin jirgi ɗaya, ko da yake ainihin kuɗinsa ya haura haka, wanda ya biya a rubuta sunan da ya zaɓa a jikin jirgin.

Mun sha shayi, ta ci kek yanka biyu ta ce kada in gaya wa jikarta. A hanyar dawowa barci ta yi.

Bayan magariba na kira Baba a Kano. Muka gaisa, ya tambayi mai gidan da yara, na ce, "Baba, wai kun taɓa jin an tara kuɗin jirgin yaƙi a wajenmu lokacin yaƙin Hitila?"

Ya yi dariya ya ce, "Ke kuma yau ina kika shiga? Ai Malam, Allah ya jiƙansa, ya sha ba mu labari. Ta hannun En'e abin ya biyo, daga hakimi zuwa dagaci zuwa mai unguwa. In an ce gudummawa ce, wa ya isa ya ce ba shi da ita?"

Na ce to su ma an yi musu wasa? Ya ce abin da Malam ke yawan ambata majigi ne da ake kawowa a mota a haska musu yaƙi a fili da dare, sai badujalar soja in ana neman masu shiga aiki, yara na bin su a baya. Ya tuna mini cewa jiragen da ake haɗawa a Takoradi ta Kano da Maiduguri suke bi su wuce Hartum har Masar, don haka mutanen birni sun ga jirage da idonsu. Sannan aka matsa wa manoma kan gyaɗa, aka ɗebi mutane aikin tilas a ma'adinan kuza na Jos daga 1942, aka kai samari yaƙi ƙasar Burma a runduna ta 81 da ta 82. Ƙanen Malam na cikin waɗanda suka tafi, ya dawo da ciwon ƙafa da 'yar akwatin ƙarfe.

Na ce, "Baba, akwatin tana nan?"

Ya ce yana zaton tana gidan Gwaggo a Fagge, in ba a zubar da ita lokacin gyaran gida ba. Zai aika yaro gobe ya duba, in da takardu a ciki a ɗauko mini hotonsu a waya. Na yi masa sai da safe, don gobe aikin safe gare ni, kayan makarantar yara kuma ko wankewa ba a yi ba.