Ɗan Jan Makunnin da ke Bayan Kwamfuta

Shagona yana kan titin Ahmadu Bello a Kaduna. Kwamfuta nake sayarwa, sabuwa da ta hannu. Daga Computer Village ta Ikeja nake saro kaya, kuma na hannun yawancinsu daga Amurka da Ingila suka fito.

Wani malamin firamare daga Tudun Wada ya taɓa sayen kwamfutar tebur a wurina, da kuɗin adashin da ya ɗauka. Washegari sai ga shi da ita a Keke Napep, tana warin ƙuna. Ya ce, "Alhaji, wallahi ina jona ta sai na ji fat, sai hayaƙi." Na juya bayanta, na tarar ɗan jan makunnin nan da ake zaɓar ƙarfin wuta da shi yana kan 115 maimakon 230. Wutar Amurka 120 ce, tamu 230.

Yarona ya ce laifin mai saye ne. Ban yarda ba. Kamfanin da ya ƙera ta ya fita, don ya rubuta lambobin ɓaro-ɓaro, garantinsa ma ya ƙare tun kafin ta hau jirgin ruwa. Shi Malam kuwa ina ya san da wani makunni? Ni na sani, ni kuma na manta. Na ce, "Malam, yi haƙuri," na canza masa akwatin wutar da ya ƙone daga aljihuna.

Sabuwar kwamfuta galibi garantin shekara ɗaya take zuwa da shi, kuma aibin da ta fito da shi daga masana'anta kaɗai ya shafa. Shayin da ya zube a kan madannai, faɗuwa ƙasa, ko wutar da aka kawo da ƙarfi tsakar dare, duk ba ruwan kamfani. Nan ne nauyin mai saye: ya adana rasit, ya sa sitabilaiza, ya riƙa kakkaɓe ƙurar hunturu. In RAM zai ƙara, wato ma'adanar wucin gadi da kwamfuta ke aiki da ita, ya tambaya tukuna, don samfurin DDR4 ba ya shiga ramin DDR3.

Dokar kare masu saye ta 2018, wadda FCCPC, hukumar tarayya mai kare haƙƙin masu saye, ke aiki da ita, ta ba mutum damar mayar da kaya mai aibi. Shi ya sa na cire "ba a mayar da kaya" daga rasit ɗina. Yanzu kafin kwamfuta ta bar shago, a gaban mai ita nake mayar da makunnin kan 230, in liƙe shi da salatef, mu kunna ta tare.