Godiya ga duk waɗanda suka tsaya mana a jinyar Inna

Assalamu alaikum. Alhamdulillahi, Inna ta miƙe. Tana takawa ba sanda, tana alwala da kanta, kuma ita ta sa in rubuta wannan a madadinta da mu 'ya'yanta, domin masu ɗawainiya da mu sun fi ƙarfin a bi su gida-gida.

Da yawa kun tambayi abin da ya same ta. Ciwon baya ne da ta daɗe da shi, irin wanda iyayenmu mata ke cewa na haihuwa ne ko na girma, a sha ƙwaya a koma aiki. Inna mai ɗinkin hula ce tun ba a haife mu ba. Wuni take a kan tabarma, kai sunkuye a kan allura, ga shara da guntuwar tsintsiya, ga wanki a duƙe, ga ɗaga bokitin ruwa. Cikin daminar nan ciwon ya sauko daga ƙugu, ya bi bayan cinya har yatsun ƙafar hagu, wani lokaci ƙafar ta mutu murus. Salla ta koma a zaune, barci ya gagara.

Godiyarmu ta farko, bayan ta Allah, ga likitocin Asibitin Ƙashi na Dala. Da hoton MRI, wato hoton na'ura mai nuna cikin jiki, ya fito, likitan bai bar mu cikin duhu ba. Ya nuna mana ƙasusuwa 5 na ƙasan baya, da faifan guringuntsi da ke tsakanin kowane biyu. Na tsakanin na 4 da na 5 ne ya bullo ya danne jijiyar da ke sauka ƙafa, kuma wurin yana cikin inda aka fi samun wannan matsala. Ya ce shekaru na busar da faifan, daɗewa a zama guda na raunana naman da ke riƙe baya, sai ɗaga kaya a duƙe ya ƙarasa. Mun shiga da fargabar tiyata, ya kwantar mana da hankali cewa mafi yawan masu irin wannan suna samun sauƙi cikin makonni 6 zuwa 12 ba a taɓa su da wuƙa ba.

Ma'aikatan sashen gashi kuwa, ban san da wane baki zan gode musu ba. Mutane na ɗauka aikinsu ɗora abu mai ɗumi ne kawai. Su suka hana Inna kwanciya wuni guda, don doguwar kwanciya ƙara riƙe baya take yi. Suka koya mata motsa jiki na ƙarfafa ciki da baya, da yadda za ta tashi daga gado ta gefe, da yadda za ta lanƙwasa gwiwa ta jawo kaya kusa da jiki kafin ta ɗaga. Wata 'yar budurwa a cikinsu, sa'ar autarmu, "Mama" take ce mata, ta yi ta lallashi ranar da Inna ta ce ta gaji ba za ta ƙara ba. Allah ya yi wa yarinyar nan albarka.

Akwai gargaɗi biyu da likitan ya ce mu isar. Ƙwayoyin ciwon jiki irin su diclofenac da ibuprofen da ake saye a kemis a sha wata da watanni suna jawo gyambon ciki, suna taɓa ƙoda. Sannan duk mai ciwon baya da fitsari ko bayan gida ya fara kufce masa, ko tsakanin cinyoyinsa ya mutu, ko ƙafa ta fara shanyewa, a kai shi asibiti a ranar. Haka wanda bayansa ke ciwo yana rama da zazzaɓin dare, don tarin fuka ma yana cin ƙashin baya har ya fito da ƙusumbi.

Kawu, kai ka biya kuɗin hoto ba wanda ya roƙe ka. Goggo, kin bar ɗakinki kin tare a namu. Maƙwabcinmu mai adaidaita sahu da ke kai mu asibiti da sassafe, yana bin hanya a hankali saboda ramuka, ya ƙi karɓar ko na mai. Kafintan layinmu ya yi mata kujera mai majingina da ɗan teburin ɗora hula daidai ƙirjinta, ya kuma sa wa tsintsiya doguwar ƙota. Matan Islamiyyarsu da abokan sana'arta da suka ƙarasa hulunan mutane da ke hannunta, suka kawo mata kuɗin cif, wallahi kun sa ta kuka.

Ta koma ɗinki kaɗan-kaɗan, tana tashi ta taka duk bayan rabin awa kamar yadda aka umarce ta. Har yanzu ciwon ƙafar kan motsa in ta daɗe a tsaye, don haka kada ku gaji da addu'a. Masu son zuwa dubiya, bayan La'asar ya fi, da safe tana motsa jiki. Allah ya saka wa kowa da alheri, ya ba sauran marasa lafiya sauƙi, na gida da na asibiti. Amin.